Yatsu Biyu a Kan Daddawar Inna

A ƙauyenmu, can bayan Minjibir, idan ka ɗauki daddawa ka duba ta ba sai an gaya maka gidan da ta fito ba. Kowace mai yin ta tana da abin da muke kira hannunta. Bayan kalwa ta nuna an kirɓa ta, an mulmula an faɗaɗa a tafin hannu, kafin a jera a tabarmar shanya sai mai ita ta sa mata alama. Wata ta ja layi da farce, wata ta tsunkule gefe. Inna, mahaifiyata, babban yatsa take dannawa a tsakiya, rami ɗaya mai zurfi, yadda ta ga tata uwar tana yi. An ce abin ya samo asali ne tun lokacin da mata suke haɗa shanya a fili ɗaya, aka rasa yadda za a raba na wance da na wance. Yanzu kowa a tsakar gidanta take shanya, amma hannun bai bar mu ba. Ko a kasuwar Minjibir mai saye sai ya ɗaga ya duba kafin ya yi tayi.

Ni ce auta a ɗakin Inna, kuma ni ce mai baki. Ina koyarwa a firamaren garinmu, gidan mijina kuwa in aka ƙwala kira daga gidanmu ana ji. Ni na buɗe wa daddawar Inna shafi a dandalin sada zumunta. Ranar da na tsuguna ina ɗaukar tabarmar shanya hoto, kallona ta yi kamar na zare.

"Ke yanzu daddawa ce abin hoto? Ta wayar za su ji ƙamshin?"

Na ce ta bar min wannan. Ta taɓe baki ta ci gaba da aikinta.

Abin ya kama fiye da yadda na zata. Matan birni da suka gaji da ɗanɗanon kanti suka fara turo saƙo. Ina karɓar oda a waya, Inna tana yi, mu ba direban motar da take shiga birni ya kai. A saman shafin na rubuta ƙarara cewa daga ƙauye kayanmu suke fitowa, don ni ban ga abin ɓoyewa a ciki ba. Kuma tun farko na yi wa kaina alkawari ba zan goge maganar kowa ba, mai daɗi ko mai ɗaci. Na tsani shafukan nan da za ka shiga ka tarar kowa "masha Allah" yake ta zubawa, sai ka ce mai kayan bai taɓa ƙona miya ba a rayuwarsa.

Da bazara, lokacin da bukukuwa suka yi yawa, wata Hajiya daga Rijiyar Zaki ta kira ni. 'Yarta za ta aurar, tana son daddawar gara, irin wadda za a buɗe a gaban dangin miji a yi shiru. Yawan da ta nema ya fi ƙarfin tukwanen Inna a ɗan lokacin da ya rage. A wurinmu kuwa ba a mayar da ciniki don hannu ya gaza. Maƙwabciya ake leƙawa ta katanga a ce ta ciko. Ita ta samu rabonta, kai ka fita kunya, kuma wadda aka saya da sunanta ita ce mai kaya, ba a ambaton wadda ta cika. Haka muka taso muka tarar, ban taɓa jin an yi gardama a kai ba.

Maƙwabciyar Inna ita ce Iya. Katanga ɗaya ta raba mu. Ta girmi Inna nesa ba kusa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza suna nan da matansu a gida ɗaya da ita. Lokacin da aka kawo Inna garin nan tana amarya, ba ta san kowa ba, ɗakin Iya ne wurin kukanta. Iya ba ta roƙon kowa ko sabulu, daddawarta ce sabulunta da goronta da zumuncinta. Hannunta yatsu biyu ne a jere, manuni da na tsakiya. Abin da duk unguwa ta sani amma ba mai furtawa shi ne idanunta sun fara hazo. Kalwa kuwa sai an rege ta sosai bayan surfe, an tsince, don tsakuwa tana son laɓewa a cikinta. Aiki ne na ido.

Aka haɗa na Inna da na Iya, Inna ta ɗaure buhu da hannunta, mota ta tafi. Aka yi biki aka watse.

Ina makaranta lokacin tara, ina cin gyaɗa a gindin darbejiya, wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Hajiyar ce ta ɗora hoto, ta kuma maƙala sunan shafinmu don kada wani ya ɓata hanya. Daddawa ce an ɓara ta gida biyu a kan farin faranti, ga tsakuwoyi an tsamo an jera a gefe. Ta rubuta cewa uwar mijin 'yarta ce ta tauna a miya har haƙorinta ya yi ƙara, a gaban baƙi, kuma 'yarta ta wuni tana kuka a ɗaki. Har nan ban ga laifinta ba. Sai ta rufe da cewa laifinta ne da ta yarda da ƙazantar ƙauye.

Ƙasan hoton kuwa kasuwa ta ci. Wata ta ce ai dama da ƙafa suke takawa. Wani ya ce a inda awaki suke kwana ake shanyawa. Wata da na tabbata ba ta taɓa sayen ko ƙwaya ɗaya a wurinmu ba ta ce ita ma ta samu gashi a nata. Mutanen da ba su san ko ta ina ake shiga garinmu ba suna ta ba da labarin tsakar gidan uwata. Inna da take wanke turmi kafin ta wanke fuskarta, ita ake kira ƙazama.

Sai na buɗe hoton da yatsuna na ƙura masa ido. A kan ɓarin daddawar, ga ramuka biyu a jere.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe min ajina, na kama hanyar gida ina tsara abin da zan rubuta. Ina da hotunan daddawar Inna birjik a shafin, kowace da raminta ɗaya a tsakiya. In na jera su kusa da na Hajiya, magana ta ƙare.

Na tarar da Inna tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar kalwa. Na karanta mata komai, har da na awakin, don ina so ranta ya ɓaci kamar nawa. Sannan na miƙa mata wayar na nuna mata ramukan. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙo min, ta gyara itace.

"To me za ki rubuta?"

"Gaskiya mana, Inna. Wannan ba hannunki ba ne."

"Da sunan wa matar ta saya?"

"Da namu, amma ai..."

"Wa ya ɗaure buhun?"

Na mayar da idona kan wayar.

"Ni na ɗaure. Da ido biyu na karɓa, ban ɓara na duba ba. In kin ce ba hannuna ba ne, hannun wa kike so su ce? 'Yan birnin ba su sani ba, amma yaran garin nan duk suna cikin wayar taki. Kafin la'asar matan 'ya'yan Iya sun ƙwace mata tukunya sun ce ta huta. Kin san abin da hutun nan yake nufi."

Na sani. Na ga tsofaffin da aka ce su huta. Tabarma ake shimfiɗa musu a bakin ɗaki, su riƙa jiran a tuna da su.

Amma ban sauko nan take ba. Na ce wa Inna ita fa, nata sunan fa? Shekarun da ta yi tana shan hayaƙi sai a bar wasu marasa aikin yi su yi wanka da ita? Na ɗaga murya yadda bai kamata 'ya ta yi wa uwa ba. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce in dai da ita na buɗe shafin nan, to ba ta yarda ba, in kuma nawa ne ni kaɗai, in cire daddawarta daga ciki. Na fita ina huci, ko sallama ban yi mata ba.

Ina shiga ɗakina ɗan kawuna ya kira. Abokin wasana ne, yana karatu a birni, kuma yana riƙe wa shaguna shafukansu ana biyansa. Ya riga ya ga abin.

"Malama, kin ga irinta ko? Na ce ki ba ni shafin nan kin ƙi. To saurara, abu ne mai sauƙi. Ki rubuta cewa wata mai kawo muku kaya ce daga waje, kun gano ta, kun sallame ta. Kwastoma yana son ya ji an hukunta wani. Sannan ki goge zage-zagen nan, masu taurin kai ki toshe su. Ina da yara, zan sa su cika shafin da yabo kafin magariba. Kuma dan Allah ki cire maganar ƙauyen nan daga sama, ki sa Kano kawai."

Abin mamaki, rabin maganarsa ita ce na gama yi wa Inna ihu a kanta. Amma da na ji ta daga bakinsa, an wanke ta an shafa mata mai, sai ta yi min ɗoyi. Wata mai kawo kaya daga waje. Iya ke nan, wadda ta yi wa Inna wankan jego lokacin haihuwata. Mun sallame ta, sai ka ce mu muka ɗauke ta aiki.

Na ce, "Ɗan birni, yaran naka sun taɓa cin daddawarmu?"

"Ina ruwan cin daddawa a ciki? Aiki ne."

"To su riƙe yabonsu. Kuma garin da kake cewa in cire, nan aka binne cibiyarka."

Ya yi dariya ya ce taurin kaina ne zai kashe kasuwar Inna. Na ce in ta mutu zan aiko masa ya zo zaman makoki, ya taho da yaran.

Na zauna a bakin gado na rubuta amsa a ƙarƙashin hoton Hajiya, inda kowa zai gani. Na ce daddawar daga gidanmu ta fito, tsakuwar da aka samu laifinmu ne, kuma abin da ya faru da amarya a gidan mijinta ya yi mana ciwo, muna ba ta haƙuri ita da mahaifiyarta. Na ce zan kawo wata da ƙafata. Daga nan na sauka layi na ƙara cewa haƙurin tsakuwa muka bayar, ba haƙurin zama 'yan ƙauye ba, wannan kam ba mu da niyyar bayarwa.

Ban goge ko harafi ɗaya ba. Mai maganar awaki na amsa masa cewa awakinmu suna da turkensu, in ya samu lokaci ya zo ya gani, motar Minjibir ba ta da wuyar samu. Wadda ta ce ta ga gashi na tambaye ta yaushe ta saya, in duba in musanya mata. Ba ta sake magana ba. Masu cewa da ƙafa ake takawa na bar su, don wanda ya kai shekarun aure bai san turmi ba, ba ni zan koya masa a waya ba. Wasu sun ce na cika girman kai, mai laifi da tsiwa. Wataƙila haka ne. Amma na lura duk wanda ya sunkuyar da kai gaba ɗaya a wurin nan, ba tausayinsa ake ji ba, hawa ake yi.

Ranar Asabar na ɗauki sabuwar daddawa, wadda Inna ta rege kalwarta har sau nawa ban sani ba, na shiga mota zuwa Rijiyar Zaki. Hajiya ta karɓe ni a falo, ba yabo ba fallasa. Mace ce mai kamala, kuma da na ga idonta na san ba neman suna ya sa ta yi rubutun ba, zafin 'yarta ne. Ta sa aka kawo ragowar garar da ta karɓo daga gidan amarya. Ashe ta riga ta ware su kashi biyu a tire.

"Kin ga waɗannan masu rami ɗaya, na ɓara da yawa, tas suke. Masu rami biyun nan su ne matsalar. Ke Malama, ni ba yarinya ba ce. Ba mutum ɗaya ya yi wannan aikin ba. Ki gaya min gaskiya, ki kuma rubuta a can, ni kuma in sauke hoton in wanke mahaifiyarki da bakina."

Ga abin da na zo nema an miƙo min a tire. Na tuna yadda oda ta tsaya cak tun ranar, na tuna Inna ta rage tukunya ɗaya ba ta ce komai ba. Na kuma tuna Iya da safiyar nan, tana lallaɓa katanga da hannu tana yi min a dawo lafiya, ba ta san inda za ni ba.

Na ce, "Hajiya, duka daga gidanmu suka fito."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Shi ne abin da nake da shi."

Ta ce to hoton yana nan, ba za ta sauke ba. Na ce kada ta sauke, haƙƙinta ne, tsakuwa dai an tauna. Abu ɗaya na roƙa, ta kai wa amarya wannan sabuwar, ta ce daga uwar da ta ji kunyar abin da ya same ta. Ta karɓa. Ta sa aka kawo min ruwa, na sha, muka rabu a haka. A mota ina ta jin haushin kaina da na Inna da na Hajiyar gaba ɗaya, har kwandasta ya tambaye ni ko lafiya.

Na ɗauka an wuce wurin. Sai ga wata 'yar garinmu da take aure a birni ta shigo ƙarƙashin hoton, wai ita mai kare mu. Ta rubuta cewa ita fa ta san daddawar Inna tun tana yarinya, rami ɗaya ce, wannan mai biyun kuwa kamar ta san hannun. Wata ta tambaye ta na wa. Ta sa alamar dariya ta ce ba ta son gulma. Na kira ta a waya na wanke ta tas, na ce wa ya aike ta. Ta goge, amma an riga an gani. A bakin rijiya aka fara ƙus-ƙus. Matar babban ɗan Iya ta tare ni a hanya, ta gaishe ni da wata irin gaisuwa mai tsawo, sannan ta ce wai ta ji an ce akwai wani hoto, ko zan nuna mata. Na ce datar wayata ta ƙare.

Na je na gaya wa Inna. Na ce na yi iya yina, na rufe bakina, amma ba zan iya rufe idon gari ba. Hoton yana nan, yatsu biyun suna nan, kuma duk mai wayar da ya buɗe zai gani. Ta ce ta ji. Ta ci gaba da aikinta, har na ji haushinta.

Da kalwar da ke rufe ta nuna, na shigo da hantsi na tarar ta riga ta kirɓa, tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugune tana faɗaɗawa. Na ja tabarma zan taya ta jerawa. Na ɗauki ta farko, sai na tsaya. Ramuka biyu a jere. Na duba ta biyu, na duba layin da ta riga ta jera har bakin rumbu. Duka yatsu biyu.

"Inna, mene ne wannan?"

"Daddawa."

"Ina hannunki?"

"Ga shi kina gani. Ɗauki wayar taki ki yi hoton, ki sa a inda kike sawa. Ki ɗauka da hannuna a ciki, su ga lallen, su san ni ce."

Na ce wannan fa hannun kakata ne za ta bari, wanda ta ce ko a makance za ta gane shi. Na ce mutanen garin nan ba wawaye ba ne, sun san da rami ɗaya take yi.

"Sun san da. Yanzu kuma za su san yanzu. Wa zai zo ya ce min ban isa in sauya hannu a kan daddawata ba? In sun tambaya tun yaushe, ki ce su zo su tambaye ni."

Babu wanda ya isa ya tambaye ta, ita ma ta sani. Na ɗauki hoton hannunta, yatsu biyu a nutse cikin daddawa. Inna da ba ta yarda ko gefen zaninta ya fito a hoto. Na ɗora a shafin, na rubuta cewa ga sabuwar shanya, hannun Inna ne, mai so ya yi magana. Ban yi wani bayani ba. Na bar shi nan kusa da hoton tsakuwa, duk mai son gwadawa ya gwada.

Ƙus-ƙus ɗin bakin rijiya ya mutu a hankali. Ba don an yarda ba, na tabbata da yawa sun gane. Amma tunda mai suna ta fito ta ce nata ne, har ta sa hannu, wanda ya ci gaba da tono shi zai zama abin kallo. Matar ɗan Iya ba ta sake tambayata hoto ba.

Kasuwa kuwa ba ta dawo yadda take ba, kada in yi ƙarya. Wasu sun tafi ke nan. Hajiya ba ta sake saye ba, hotonta kuma yana nan har yau, duk wanda ya nemi sunan shafinmu zai iya cin karo da shi. Wasu sababbi sun zo, cikinsu akwai wadda ta ce amsar da na bayar ce ta kawo ta, don ta gaji da masu kayan da ba sa taɓa laifi. Ɗan kawuna har gobe in mun haɗu a biki sai ya ce da na bi shawararsa da yanzu muna da shago a birni. Ni kuma in ce da yanzu muna da shago, ba mu da maƙwabta.

Inna ta leƙa ta katanga ta ce wa Iya itace ya yi tsada, ta riƙa kawo kalwarta a haɗa a tukunya ɗaya, a yi surfe a rege a nan, ita sai ta zo wurin faɗaɗawa. Iya ta ce to. Ban san me ta ji ba, ban san me aka gaya mata a gida ba, don ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Ranar da suka fara zama tare, ina nan. Iya ta shigo tana lallaɓa bango, ta zauna, ta miƙa hannu kan tabarma don ta ji inda aka tsaya da jeri. Ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda Inna ta gama. Na ga yatsunta suna bin fuskar daddawar, suka faɗa cikin ramukan biyu daidai, kamar an auna. Ta ajiye ta ɗauki wata. Ta sake ɗaukar wata daga can gefe.

"Wannan ai hannuna ne. Ni kuwa ban fara ba."

Inna ba ta ɗago ba. "Babban yatsan nawa ne yake min ciwo, Iya. Na ga naki ya fi sauƙi."

Iya ta jujjuya daddawar a tafin hannunta. Can ta mayar da ita wurinta a hankali, ta gyara mata zama a layi.

"Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira," in ji ta.

Inna ta ce amin, ta tura mata ƙwaryar kirɓaɓɓiyar kalwa gabanta. Ni na tashi na shiga madafa, wai zan duba wuta, alhali ba abin da ke kai.

Lafiyar yatsan Inna ƙalau, da shi take murza barkono. Amma ba ta koma rami ɗaya ba, ko bayan da abin ya lafa. Lokaci-lokaci wata sabuwar mai saye takan haƙo tsohon hoton nan ta turo min, ta tambaya ko da gaske namu ne. Ba na dogon bayani. Nakan ce namu ne, ta duba hannun.

'Yata ta fara zama kusa da Inna ranar faɗaɗawa, ana ba ta ɗan guntu tana ɓatawa. Rannan na ga ta mulmula nata, ta faɗaɗa, ta haɗa 'yan yatsunta biyu ta danna. Ta ɗago tana nuna min, wai ta iya hannun gidanmu. Na buɗe baki zan gaya mata yadda na kakata yake, sai na ga Inna tana kallona, Iya kuma tana gefe tana jeri. Na ce ta iya, ta kai tabarma.